Injiniyar Layin Tsamiya

A Gagarawa Tasha aka haifi Lauratu, a wani gida mai rufin kwano da ke bayan tashar jirgin ƙasa, inda tasoshin uwarta kan yi ta rawa a ɗaka duk lokacin da jirgin Nguru zai wuce. Mahaifinta, Malam Ɗantsoho, shi ne shugaban leburorin da ke kula da layin dogo a wannan yanki. Ita ce 'yarsa ta fari, kuma tun tana ƙarama ba ta zaman gida idan ta ga ya ɗauki malafa. Takan bi shi yana duba layi, ta riƙa leƙa ƙarƙashin kowace kwalbati tana tambayar wa ya haƙa ta, me ya sa aka yi ta a nan ba a can ba. Abin da ya sani ya gaya mata. Abin da bai sani ba ya ce ta bari sai ta je makaranta ta tambayi masu ilimin abin.

Haka kuwa aka yi. Ta yi firamare a Gumel a hannun goggonta, ta wuce makarantar 'yan mata a Kano, daga nan sai Zariya, inda ta karanta aikin injiniya na hanyoyi da gine-gine. A shekarar ƙarshe ita kaɗai ce mace a ajinsu. Ba ta cika ba da labarin wannan zamani ba, sai dai takan ce ta koyi cin abinci a tsaye, ta kuma koyi yin shiru idan ana neman ta da magana. Da ta gama aka riƙe ta koyarwa a wata babbar makaranta a Kano. Darasinta shi ne tsara hanya da magudanar ruwa, kuma ɗalibai suna shakkarta, domin layi ɗaya ya karkace a zane sai ta mayar wa mutum da takardarsa ba tare da ta ɗaga murya ba.

Mijinta Anas likitan dabbobi ne, ɗan asalin Gumel. Da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991 aka mayar da shi gida, aikinsa tsakanin kasuwar shanu ta Maigatari da ƙauyukan kewaye. Lauratu ba ta bar koyarwa ba. Suka kama gida a Gumel, takan tafi Kano farkon mako a motar haya, ta dawo ƙarshen mako wajen mijinta da 'yarsu Mansura.

Layin da suka zauna shi ake kira Layin Tsamiya, saboda wata tsohuwar tsamiya da ke bakinsa. Layi ne na rairayi, ya taso daga babban titi ya gangara zuwa wani tsohon kududdufi inda mutanen zamanin da suka haƙi ƙasar gina gidajensu. Darbejiya ta jeru a gefe guda, kuma a ƙarƙashinta tsofaffi ke zama a kan dakali. A kan kwana akwai shagon Juliana, wata 'yar kasuwa Kirista da ta zo daga wajen Pankshin tare da mijinta ma'aikacin asibiti, ta shekara ashirin a Gumel har Hausarta ta fi ta wasu 'yan gari daɗi. Kowa Maman Joyce yake ce mata. Can ƙasan layin kuma gidan Inna Kande ne, ungozoma, wadda babu gidan da ba ta shiga a unguwar, kuma rabin samarin layin ita ta yanke musu cibiya.

Daminar 1994 ta zo da ruwa mai yawa. Wata ranar Asabar cikin watan Agusta hadari ya haɗo bayan azahar, aka yi ta tsuga ruwa har la'asar. Layin Tsamiya ya zama kogi. Ruwa ya shiga zauruka, ya bi ta rariya ya koma cikin gidaje maimakon ya fita. Katangar Inna Kande ta zube a kan turken awakinta, buhunan sukari da fulawa na shagon Juliana suka jiƙe. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, amma mutane sun firgita.

Washegari da hantsi matan biyu suka yi sallama a gidan Lauratu, zannuwansu duk laka. Bayan gaisuwa da jaje, Juliana ce ta fara magana.

"Maman Mansura, an ce ke kike koya wa samari yadda ake kore ruwa daga titi. To ga ruwa har cikin ɗakina."

Lauratu ta san tana iya zama ta zana musu lambatu cikin 'yan kwanaki, irin wanda take koyarwa. Amma ta gaya musu gaskiya. Ta ce ita baƙuwa ce a layin, ƙarshen mako kawai take gani, ba ta san ta inda ruwan ke shigowa ba balle inda ya saba fita. Idan ta yi zane a haka, abin da zai faru shi ne ta kwashe ruwan daga gidan Inna ta zuba a gidan wani. Inna Kande ta ce in dai sanin hanyar ruwa ne, su sun sani, shekara nawa suna kwasarsa da ƙwarya. Abin da ba su sani ba shi ne yadda za a yi da shi.

Maganar ta tsaya wa Lauratu a rai har Kano. A lokacin tana tsakiyar binciken digirinta na uku a kan ƙarfin marmara, jar tsakuwar nan da ake shimfiɗawa kafin a zuba kwalta, kuma ta yi nisa. Ta je wajen malamin da ke duba aikinta, Farfesa Jeremiah, ta ce tana so ta ajiye marmara ta koma Layin Tsamiya, kuma tana so mutanen layin su ne za su yi binciken, ita ta zama mai awo da lissafi. Farfesa ya cire tabarau. Ya tuna mata cewa za ta yi asarar shekara biyu, kuma masu jarrabawa za su tambaye ta ina aikin injiniya yake a cikin hirar tsofaffin mata. Da ya ga ba ta da niyyar janyewa sai ya ce ta kawo masa awo mai kyau da lissafin da ba ya rawa, sauran kuwa ta yi yadda ta ga ya dace.

Mai unguwa Cindo ya tara maza a gindin tsamiya bayan sallar la'asar. Mata kuma suka taru a tsakar gidan Inna Kande, kuma a nan aikin ya fi tafiya. Aka share fili fes, aka zana layin a ƙasa da toka, aka kafa karan dawa a matsayin katangu, aka sa duwatsu a inda ƙofofi suke. Kowace mace ta nuna gidanta. Wata ta ɗauki buta ta tsiyaya ruwa daga sama don ta nuna yadda yake gangarowa, wata ta ce ba haka ba ne, ta karɓi butar. Aka yi ta musu har da dariya. Lauratu na zaune a kan tabarma tana kallo, ta ga lunguna uku da ba su cikin taswirar hukuma, ta kuma gane cewa yawancin matan unguwar ba sa bin babban layin sam, ta waɗannan lungunan suke zuwa suna da biki da gaida mara lafiya.

Aka yi shawara cewa duk lokacin da aka yi ruwa, kowane gida zai ja layi da gawayi a jikin katanga daidai inda ruwan ya tsaya. Suka riƙe wannan har ƙarshen damina, suka sake a daminar da ta biyo. Ko Lauratu tana Kano ba a fasa ba. Juliana ce mai zagaya gidajen sama, Inna Kande na ƙasa, kuma babu mai son a ce gidansa ne ba a ja layi ba.

Da rani ya shigo, Lauratu ta ɗauka za a huta sai wata daminar. Mutanen layin suka ce ai yanzu ma aka fara. Suka kawo maganar rana, yadda rairayi ke ƙona ƙafar yara a tsakiyar layin inda babu inuwa. Suka kawo maganar ranar Alhamis, ranar kasuwar Maigatari, lokacin da manyan motocin shanu, waɗanda mutanen iyaka ke kira kamiyo, ke ratsowa ta layin don gudun cunkoson babban titi, ga 'yan acaɓa a guje a bayansu. Wani dattijo makaho ya ce shi babban abin tsoronsa lambatu mai zurfi ne, irin na bakin titi, sau biyu yana faɗawa. Lauratu ta yi ƙoƙarin nuna musu cewa bincikenta a kan ruwa ne kawai, kada a cika masa kaya.

"Ke a makaranta kuka raba su," in ji Juliana. "Mu nan layi ɗaya ne. Inda ruwa ya bi da damina, nan mota ke bi da rani, nan 'ya'yanmu ke wasa."

Lauratu ta koma ta sake tsara aikin gaba ɗaya.

Cikin hutun makaranta ta zo da ɗalibanta da na'urar awo mai ƙafa uku, suka auna tudu da gangaren layin tun daga tsamiya har kududdufi, suka haɗa da layukan gawayin da ke jikin katangu. Abin da ya fito ya ba kowa mamaki. Maza sun daɗe suna cewa babban titi ne ke turo musu ruwa, amma awo ya nuna kaɗan ne ke zuwa daga can. Mafi yawansa daga rufin kwanon sababbin gidaje yake saukowa, ya bi lungunan nan uku. Mata kuma sun yi zaton ƙasan layin ne ya lotsa, ashe ba haka ba ne. Mafitar ruwan ce ta toshe. A bakin kududdufin, daidai inda ruwa ya saba faɗawa, wani ya sayi fili ya kewaye shi da katangar bulo.

Mai filin shi ne Alhaji Sajo, dillalin shanu a Maigatari. Ba mugun mutum ba ne, kuma da takardunsa ya saya. Anas ya san shi a kasuwa, shi ya yi musu iso. Wata Juma'a mai unguwa da Lauratu da Inna Kande suka je har gidansa a Maigatari. Ya karɓe su da fura da nono, ya saurare su har ƙarshe, sannan ya ce shi bai ga dalilin da zai rushe katangar da ya gina da guminsa ba saboda ruwan da Allah ya saukar. Suka kamo hanyar gida. A mota mai unguwa ya ce a kai ƙara. Inna Kande ta ce a'a, mutumin da aka kai ƙara ko ya ba da fili ba zai ba da zuciya ba, kuma maƙwabcinsu zai zama. Ta ce a bar shi ya zo ya gani da idonsa.

Sai da aka shiga daminar 1995 hakan ta samu. Wata rana ya biyo ta Gumel jim kaɗan bayan an ɗauke ruwa, mai unguwa ya tare shi ya kai shi filin, ya aika aka kira Lauratu. Ya tarar ruwa ya taru a jikin katangarsa har gwiwa, yana cin gindinta. Lauratu ta tattare zane ta shiga ruwan, ta nuna masa inda ginin ya fara tsagewa, ta ce idan aka bar wa ruwa hanya mai faɗin gaba biyu a gefen filin, gidan da zai gina zai daɗe, idan kuwa ba a bari ba ruwan zai buɗe wa kansa. Alhaji Sajo ya tsaya yana kallon matar da ke tsaye cikin laka tana yi masa bayani kamar tana aji. Ya tambayi mai unguwa ko da gaske ita ke koyar da injiniyoyi a Kano. Aka ce masa ita ce. Ya ce to su ɗauki gefen, amma idan sun tashi dashen itatuwa kada su manta da ƙofarsa.

Saura hukuma. Shugaban sashen ayyuka na ƙaramar hukuma a lokacin wani Mista Edward ne, mutumin Benuwai, injiniya mai son aikinsa. Ya ce yana da tsarin da aka saba, lambatun siminti mai zurfi dama da hagu, kuma don a yi shi dole a sare darbejiyoyin. Ba ƙeta yake yi ba, abin da ke cikin littafi ke nan, kuma shi za a tuhuma idan aka kauce aka samu matsala. Lauratu ta roƙe shi ya ba mutanen layin rana su zo su yi bayani da bakinsu.

Ranar da aka sa, mutanen Layin Tsamiya suka cika ɗakin taron. Mata sun mayar da taswirar tsakar gida kan wani farin zanen gado, sun zana gidaje da gawayi, hanyar ruwa da shuɗin bula, itatuwa da kore. Samari biyu suka riƙe shi a bango. Inna Kande, wadda ba ta taɓa shiga ofis ba sai don rigakafin jarirai, ta miƙe da sandarta ta bi layin gida-gida, tana faɗin inda ruwa ya kai a kowanne da ta inda ya shigo. Juliana ta karɓa ta yi maganar motocin Alhamis da inuwa. Dattijon nan makaho ya faɗi nasa a zaune. Abin da suke so shi ne a bar itatuwa, a yi wa ruwa hanya mai faɗi marar zurfi a tsakiyar layin, kamar faranti, a shimfiɗe ta da jan bulo, yadda da damina ruwa zai bi, da rani kuma mutum da amalanke su taka ba tare da fargaba ba. A bakin layin a kafa turaku da za su hana babbar mota shiga amma ƙaramar mota ta wuce, saboda mara lafiya da mai naƙuda.

Lauratu na can baya a kan benci tana sauraro. Daga baya ta gaya wa Anas cewa duk takardun shaidar da ta karɓa a rayuwarta babu wadda ta sa ƙirjinta ya cika kamar ganin Inna tana nuna wa ma'aikata hanyar ruwa da sanda, su kuma suna rubutawa.

Da suka gama Mista Edward ya juyo wajenta ya tambaya ko wannan farantin zai ɗauki ruwa irin na bara. Sai a lokacin ta tashi, ta je allo ta yi lissafin a gabansa, faɗin rufin gidaje, ƙarfin ruwan sama, gangaren layin. Ya bi shi layi-layi, ya yi tambaya biyu, ta amsa. Ya ce zai ba da tifa da motar baje ƙasa, bisa sharaɗi ɗaya.

"Injiniya, ke za ki sa hannu a zanen. Idan ya rushe, sunanki ne."

Ta karɓi biro ta sa hannu. Ta san abin da ta ɗauka. A Kano akwai abokan aikin da dama suna cewa ta bar injiniyanci ta koma taron mata, kuma da aikin ya lalace da sun samu abin faɗa har ta yi ritaya.

Cikin ranin 1996 aka yi aikin, kuma aikin gayya ne. Magina suka ƙona bulo a bayan gari, samari suka yi haƙa, mata suka yi ta jigilar ruwa da dafa abinci, matasan cocin su Juliana suka zo ranar Asabar suka kama. Kowane gida ya karɓi dashen darbejiya ɗaya da alkawarin zai riƙa ba ta ruwan wanke-wanke. Malam Ɗantsoho, wanda ya daɗe da barin aikin jirgi kuma ƙafa ta fara ba shi wahala, ya sa aka kawo shi daga Gagarawa. Aka shimfiɗa masa buzu a gindin tsamiya. Bai gyara wa kowa aiki ba. Iyakarsa duk wanda ya tsaya gaishe shi sai ya nuna masa matar da ke can tsakiyar rana da hular kwano a kan mayafi, ya ce 'yarsa ce, ta fari. Shekara ɗaya bayan haka ya rasu.

Ruwan farko mai ƙarfi ya sauka Lauratu tana Kano. Ya bi farantin kamar yadda aka tsara har ya iso kwanar shagon Juliana, inda ruwan lungu ke haɗuwa da na layi. A nan ya ɓalle bulo ya watsar, ya haƙa rami. Kafin yamma labari ya zagaye gari cewa aikin mata ya rushe. Da ta dawo ƙarshen mako, sai ta tarar mutanen layin sun riga sun tsince bulon sun jera a gefe, sun ja layi a inda ruwan ya yi tsalle, suna jiranta da shawara biyu. Ta sake awo, ta ga kwanar ta yi tsini da yawa. Aka faɗaɗa ta, aka kafa bulon a tsaye maimakon a kwance, aka ɗaure gefen da siminti. Mista Edward ya zo da kansa ya duba, sannan ya aiko da ƙarin yashi.

A watan Agusta aka yi ruwan da ya kusa kai na shekarar da katangar Inna ta faɗi. Mutane suka tsaya a zaurukansu suna kallo. Ruwan ya cika farantin har baki, ya gangara ja wur, ya bi gefen filin Alhaji Sajo ya faɗa kududdufi. Ba gidan da ya shiga. Da aka ɗauke, kafin a kira magariba yara sun fito suna wasa a kan bulon.

Ba komai ne ya tafi daidai ba. Awaki sun cinye kusan rabin dashen farko, sai da aka sake aka kewaye da ƙaya. 'Yan acaɓa sun daɗe suna gunaguni saboda 'yan tuddan da aka yi don su rage gudu. Wadda ta fi kowa asara kuwa Juliana ce, domin direbobin manyan motoci su ne manyan masu sayayyarta ranar Alhamis, kuma da aka kafa turaku suka daina biyowa. Ta san haka zai faru tun ranar da ta tsaya a ɗakin taro ta nemi a kafa su. Lauratu ta je ta ba ta haƙuri, ta ce da ta lura da wuri da an nemi wata dabara. Juliana ta ce ta bar wannan maganar, ita ma tana da jikoki a layin. Daga baya ta sa benci biyu a inuwar ƙofar shagon ta fara sayar da zoɓo da kunun zaƙi ga masu zaman yamma. Bai kai cinikin da ba, amma ya riƙe ta.

Labari ya kai Maigatari, mutanen wata unguwa da ke bayan kasuwa suka aiko suna son Injiniya ta zo ta yi musu irin na Gumel. Lauratu ta ce ita za ta zo daga baya da na'ura, amma waɗanda za su fara zuwa su ne Inna Kande da Maman Joyce. Haka aka riƙa ganin matan biyu a motar Maigatari, ɗaya da carbi ɗaya da ƙaramin gicciye a wuya, suna musu a kan wa ya manta da gawayi. A can ba a yi faranti ba, domin ƙasarsu dabam ce, abin da suka gano suna buƙata shi ne a karkatar da hanyar shanu daga ƙofar makarantar firamare.

A 1998 ta kare digirinta. Malamin da aka gayyato daga wata jami'a don ya jarraba ta ya yaba lissafin, sannan ya buɗe shafin farko inda ta jera sunayen mutanen layin a matsayin abokan bincike, ya tambaye ta a cikinsu wane ne mai binciken, ita ko su. Ta ce su suka kawo tambayoyin, su suka tattara shaidar damina biyu, ita ta auna ta lissafa ta sa hannu, kuma da ɗaya ya janye da babu aikin. Farfesa Jeremiah ya sunkuyar da kai yana murmushi. Aka ba ta digiri. Ƙarin girma ya zo mata a makare idan aka kwatanta da sa'o'inta, saboda lokacin da suke rubuta takardu da Turanci ita tana rubuta ɗan littafi da Hausa tana kuma bayani a rediyo. Abin ya ɗan ci mata rai, ba ta ɓoye ba. Amma ta samu abin da ta fi so, makaranta ta amince kowane ɗalibinta na shekarar ƙarshe sai ya yi damina ɗaya a wani layi, yana aiki a ƙarƙashin mutanen wurin.

A Gumel kuwa ba wanda ya koyi ce mata Dakta. Injiniya suke cewa, Inna Kande kuma Laure.

Cikin 1999 aka kira ta zuwa garin Sule Tankarkar. Ta je ranar kasuwa, ta sauka a tasha ta hau acaɓa zuwa unguwar da aka kwatanta mata. A hanya ta lura da yadda rairayi ya hau katangun gidajen arewa har rabi, ta fara tsara abin da za ta ce a kan shingen itatuwa. Mai babur ya sauke ta a ƙofar wani gida. A ciki ta tarar da mata sun fi talatin, wasu da goyo, an tura yara waje. Shugabarsu wata malamar firamare ce mai suna Rahamatu, wadda ta taɓa zuwa Gumel ta kwana biyu wajen Juliana. Ta taso ta tarye ta, ta kai ta inuwa, ta sa aka kawo mata ruwa.

Lauratu ta sha, ta yi gyaran murya za ta fara maganar rairayi. Rahamatu ta ce ta yi haƙuri tukuna, ba su gama ba. Matan gabas sun ce rairayi ne babbar matsalar, na yamma sun ce hanyar rijiya ce da babura suka ƙwace, kuma an aika a kira matan Fulani na bayan gari domin su ma ta nan suke bi da nono. In sun daidaita za su kira ta.

Lauratu ta ce babu komai. Ta cire takalmi, ta jingina da bango, ta sayi gyaɗa a wajen wata tsohuwa da ke kusa da ita. Tsohuwar ta tambaye ta ko ita ma daga yamma take. Ta ce a'a, daga Gumel take, an ce ta jira.